Tasirin Ƙidayar Bugu a Kan Tattara Hankalin Ɗan Wasan Golf

Tsakure

Masu horar da 'yan wasan golf sun daɗe suna cewa duk wanda ke bin ƙidayar bugunsa a tsakiyar zagaye yana raba hankalinsa biyu. Wannan takarda ta auna wannan magana da sakamakon gwaje-gwajen ilimin halayyar ɗan'adam, da alƙaluman gasannin ƙwararru, da kuma abin da ya faru a wasu manyan gasanni tsakanin 1968 da 2019. Nazarin ya nuna cewa abin da ake kira ƙidaya ayyuka uku ne mabambanta: rubuta adadin bugun rami, hasashen jimlar da za a tashi da ita, da sanin matsayin mutum a cikin abokan hamayya. Na farko ba ya cin hankali sosai, na biyu shi ne mai illa, na uku kuwa yakan zama wajibi. Takardar ta kafa hujja cewa lokacin da ƙidaya ta shigo cikin tunani shi ke yanke hukuncin amfaninta ko cutarwarta.

1.0 Gabatarwa

Golf na cikin wasannin da ƙwallo ke jiran ɗan wasa. Babu abokin hamayyar da zai ƙwace ta, babu mai tsaron gida, babu kuma wanda zai ture mutum yayin da yake shirin bugu. Cikakken zagaye ramuka 18 ne, kuma yakan ɗauki awa huɗu ko fiye. Kaɗa sanda, daga ɗagawa zuwa taɓa ƙwallo, bai kai daƙiƙa biyu ba, saboda haka wanda ya yi bugu 72 bai cika minti uku yana bugu ba a duk zagayen. Ko an ba kowane bugu daƙiƙa 40 da dokokin wasan suka shawarta a yi shi a cikinsu, lissafin bai wuce minti 48 ba. Ragowar lokacin, fiye da awa uku, tafiya ce da jira da saƙe-saƙen zuci. A wannan dogon sarari ne ƙidaya ke samun wurin zama.

Manufar takardar ita ce amsa tambaya ɗaya: shin bin ƙidayar bugu yana rage wa ɗan wasa tattara hankali? Idan yana ragewa, ta wace hanya, a wane lokaci, kuma ga wane irin ɗan wasa?

Ga kalmomin fannu da aka yi amfani da su. Mizani shi ne adadin bugun da aka ƙayyade cewa ƙwararre zai kammala rami da shi, galibi 3 ko 4 ko 5. Ragi shi ne kammala rami da bugu ɗaya ƙasa da mizani, ƙari kuma bugu ɗaya sama da shi. A golf mai ƙarancin bugu ne ke cin gasa, don haka ragi riba ne, ƙari asara. Dandamali shi ne filin lallausar ciyawa da ke kewaye da rami, bugun zurawa kuma shi ne gangara ƙwallo a kan dandamali zuwa cikin ramin. Daburcewa na nufin faɗuwar ƙwazon ƙwararre a daidai lokacin da ya fi buƙatarsa.

2.0 Bitar Ra'ayoyin Magabata

Ra'ayin da ya fi yaɗuwa a filin wasa shi ne na masu horarwa da masu ba 'yan wasa shawara kan tunani. Littafin Bob Rotella na 1995, Golf Is Not a Game of Perfect, ya taimaka wajen kafa aƙidar cewa ɗan wasa ya tsaya kan bugun da ke gabansa, ya bar jimla sai an gama. Kafin nan Cohn (1991) ya tattauna da 'yan wasa 19, ƙwararru da na jami'o'i, kan ranakun da suka fi yin fice, kuma bayanansu sun haɗu a kan taƙaita hankali ga abu ɗaya da nutsewa cikin abin da ake yi a lokacin. Kingston da Hardy (1997) sun ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi da gwaji. Sun horar da wani rukuni na 'yan wasan kulob su riƙa kafa burin yadda za su yi bugu, wani rukunin kuma burin adadin da za su samu. Rukunin farko ya riga ɗayan samun ci gaba, ya kuma nuna ƙarin natsuwa da iya danne fargaba.

A ɓangaren masana ilimin halayya, ra'i biyu ne suka yi ta ja-in-ja kan musabbabin daburcewa. Ra'in ɗauke hankali, wanda Eysenck da Calvo (1992) suka faɗaɗa, sannan Eysenck da abokan aikinsa (2007) suka sabunta, yana cewa damuwa na cinye wani kaso na ƙwaƙwalwar aiki, wato 'yar ƙaramar ma'ajiyar da mutum ke riƙe abin da yake sarrafawa a lokacin. Ra'in sa-ido-kan-kai kuwa, wanda ya faro daga Baumeister (1984) ya bi ta kan Masters (1992) da Beilock da Carr (2001), cewa yake matsi na sa ƙwararre ya koma lura da gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya, ya wargaza motsin da jikinsa ya riga ya haddace. Abin sha'awa shi ne Masters da Beilock duk da bugun zurawa suka yi gwajinsu. Masters ya koya wa wasu bugun tare da jerin ƙa'idoji, wasu kuma ya bar su suka koya ba tare da ƙa'ida ba, suna wani aikin baki da ke hana su tsara dokoki a zuci. Da aka sa musu matsi, waɗanda ba su da ƙa'idojin da za su waiwaya su ne suka ci gaba da inganta.

Kafa ta uku ta fito daga masana tattalin arziki. Sun ɗauko ra'in Kahneman da Tversky (1979) cewa mutum na auna riba da asara ne daga wata madogara, kuma zafin asara ya fi daɗin riba mai girmanta nauyi a zuciya. Za a koma kan aikinsu a sashe na 4.2.

Giɓin da ke cikin waɗannan ayyuka shi ne kowannensu ya taɓa gefe ɗaya na ƙidaya ya bar sauran. Masu horarwa na magana kan tunanin jimla, masana halayya kan matsi gaba ɗaya, masana tattalin arziki kan mizani. Aikin wannan takarda shi ne jera su wuri ɗaya a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

3.0 Hanyar Nazari

Nazarin na bita ne da ƙwanƙwance, ba a tattara sabbin alƙaluma ba. An dogara da hujjoji iri uku: gwaje-gwajen da aka yi a ɗakin bincike, alƙaluman gasannin ƙwararru na Amurka, da misalan gasanni da tarihin wasan ya tabbatar. Ƙarfin waɗannan hujjoji ba ɗaya ba ne. Gwajin ɗakin bincike na iya nuna sanadi, amma matsin da ake ƙirƙira a cikinsa bai kai na gasa ba. Alƙaluman gasa na da yawa ƙwarai, sai dai ba sa buɗe abin da ke zuciyar mai bugu. Misalan gasa su ne mafi rauni, domin jama'a sun fi tuna wanda ya faɗi a kan wanda ya riƙe jagorancinsa har ƙarshe. Saboda haka an yi amfani da misalan ne don haskaka abin da sauran hujjojin suka nuna, ba a gina hukunci a kansu su kaɗai ba.

4.0 Nazari

4.1 Rubuta adadin bugu

Abu na farko da ya kamata a tabbatar shi ne, a gasa ba a ba ɗan wasa zaɓin barin ƙidaya ba. Doka ta 3.3b ta dokokin da hukumomin R&A da USGA suka fitar ta ce a wasan jimlar bugu wani ne daban, yawanci abokin zagaye, ke rubuta wa ɗan wasa adadin kowane rami, shi kuma ya duba ya sa hannu. Wanda ya sa hannu a kan adadi ƙasa da abin da ya buga a rami, an kore shi daga gasar. Wanda ya sa hannu a kan adadi sama da na gaskiya, haka zai zauna. A gasar Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina ya ci rami na 17 da bugu 3, abokin zagayensa Tommy Aaron ya rubuta masa 4, shi kuma ya sa hannu bai lura ba. Zagayensa ya tashi daga 65 zuwa 66, Bob Goalby ya ɗauki kambun da tazarar bugu ɗaya. A 2016 kuma, ranar da Jim Furyk ya buga 58, adadi mafi ƙanƙanta a tarihin gasannin PGA Tour, abokin zagayensa ya rubuta masa 3 a rami na 14 alhali 4 ya buga. Furyk ya gano kuskuren kafin ya miƙa katin. Da bai riƙe ƙidayarsa ba, da tarihin da ya kafa ya tashi a banza.

Akwai wani ɓangare na dokar da ba a cika kula da shi ba: alhakin ɗan wasa ya tsaya ga adadin kowane rami. Haɗa jimla aikin kwamitin gasa ne. Ma'ana, dokar da kanta ta raba rubutu da tarawa.

Shin rubutun kansa na ɗauke hankali? Hujjar gwaji ta nuna cewa ga ƙwararre nauyin bai taka kara ya karya ba. Beilock da abokan aikinta (2002) sun sa gogaggun 'yan wasa yin bugun zurawa a yanayi biyu. A ɗaya suna sauraron jerin sautuka don gano wani sauti na musamman, a ɗayan kuma suna lura da motsin sandarsu don su faɗi lokacin da ta tsaya. Sun fi dacewa da inda aka nufa lokacin da hankalinsu ke kan sautin. Idan aiki na biyu da ke gudana a daidai lokacin bugu bai cutar da ƙwararre ba, da wuya rubuta lamba ɗaya a kati bayan an bar dandamali ya cutar da shi. Ga sabon shiga lamarin ya sha bamban. Gwajin da Beilock da wasu suka yi a 2004 ya nuna cewa masu koyo sun fi yin daidai idan suka sa hankalinsu kan motsin da suke koya, aiki na biyu kuma na rage musu ƙwazo. Mai koyo da ke tsaye kan ƙwallo yana lissafin ko wannan bugu na shida ne ko na bakwai, yana kashe ƙwaƙwalwar aikin da yake buƙata don riƙe sanda daidai.

4.2 Mizani a matsayin madogara

Ko da an karɓe katin daga hannun ɗan wasa, akwai wata ƙidaya da ba za a iya karɓewa ba, domin a rubuce take a allon da ke bakin kowane rami. Pope da Schweitzer (2011) sun nazarci bugun zurawa fiye da miliyan 2.5 daga gasannin PGA Tour, inda ake auna nisan ƙwallo da rami da na'urar leza. Bayan sun daidaita nisa da wahalar rami da sauran abubuwa, sun tarar cewa ƙwararru sun fi zura ƙwallon da za ta tsirar da mizani a kan wadda za ta ba su ragi, da tazarar kimanin kashi biyu cikin ɗari. Tiger Woods ma bai tsira ba. Sun kuma lura cewa bugun neman ragi yakan zo da sanyin hannu, ƙwallo ta tsaya kafin ta kai rami. A lissafin gasa bugu bugu ne, ko wane suna aka ba shi. Amma a zuciyar mai bugu, faɗawa cikin ƙari asara ce da dole a guje mata, rasa ragi kuwa riba ce kawai da ta kuɓuce.

Elmore da Urbaczewski (2021) sun bi ta wata hanyar suka iso wuri ɗaya. Sun duba ramukan da aka sauya wa mizani daga 5 zuwa 4 a filayen Pebble Beach da Oakmont yayin gasar US Open, suka ga 'yan wasa na kammala su da ƙarancin bugu bayan an rage mizanin. Lamba ce aka sauya a allo, sai ƙoƙari ya bi ta.

Wannan sakamako na da fuska biyu, kuma a nan ne ra'ayin masu horarwa ya fara samun tasgaro. Gaskiya ne ƙidaya na shiga cikin bugu. Amma a bugun tsirar da mizani, ƙara wa ɗan wasa himma ta yi. Inda ta yi ɓarna shi ne bugun neman ragi, kuma ɓarnar ta sakaci ce da taka-tsantsan fiye da kima, ba ta ruɗewa ba. Akwai kuma wani abin lura a aikin Pope da Schweitzer: tazarar ta fi girma a zagayen farko na gasa, tana raguwa har zuwa na huɗu. Fassarar da suka bayar ita ce, idan gasa ta zo ƙarshe ɗan wasa na daina auna kansa da mizani, ya koma auna kansa da abokan hamayya. Ashe sanin jimla da matsayi na iya warkar da wata karkata da ƙidayar rami-rami ke haifarwa.

4.3 Hasashen jimla

A ɗauki misalin ɗan wasan kulob da bai taɓa sauka ƙasa da 90 ba a fili mai mizani 72. Ya gama rami na 15, ya tsaya a inuwa ya tara katinsa, ya ga 74. Ramuka uku suka rage, mizaninsu 3 da 5 da 4. Nan take ya lissafa cewa ko ƙari ya yi a kowannensu zai tashi da 89. Daga wannan lokaci aikin da ke gabansa ya sauya kama. Ɗazu neman tsakiyar fili yake, yanzu tsaron wata dukiya yake da bai riga ya mallaka ba. Yana tsaye kan ƙwallo riƙe da abu biyu a ka: lambar 15, wato bugun da suka rage masa, da umarnin kada ta faɗa ruwa.

Wannan yanayi kusan shi ne abin da Wegner da Ansfield da Pilloff (1998) suka ƙirƙira a ɗakin bincike. Sun umarci wasu masu bugun zurawa da kada su bari ƙwallo ta wuce inda aka nufa, sannan suka ɗora wa wasu daga cikinsu riƙe lamba mai alƙaluma shida a ka. Waɗanda ke ɗauke da lambar sun fi aikata ainihin abin da aka hana su. Bayanin Wegner shi ne, idan mutum na ƙoƙarin guje wa wani abu, wani sashe na tunaninsa na ci gaba da leƙen abin don tabbatar da cewa bai faru ba. Muddin ƙwaƙwalwar aiki na da sarari, mutum na iya rinjayar wannan leƙe. Idan ta cika, abin da ake leƙe shi ke jan hannu.

Hasashen jimla na haɗa illolin ra'i biyun da aka ambata a sashe na 2.0 wuri ɗaya. Yana cin ƙwaƙwalwar aiki da lissafi, sannan yana ƙara wa bugun nauyi har ɗan wasa ya fara lura da gwiwar hannunsa da riƙon sandarsa. Hickman da Metz (2015) sun nuna daga alƙaluman PGA Tour cewa a bugun zurawa na ramin ƙarshe, yawan kuɗin da ya rataya a kan bugun na tafiya tare da raguwar yiwuwar zura shi. Manyan faɗuwar da aka sani a gasar Masters sun dace da wannan zane. Greg Norman ya shiga zagayen ƙarshe na 1996 da tazarar bugu shida, ya buga 78, Nick Faldo ya buga 67. Rory McIlroy ya shiga na 2011 da tazarar huɗu, ya buga 80. Jordan Spieth a 2016 na gaba da biyar bayan ramuka tara, ya yi ƙari a na 10 da na 11, sannan ya jefa ƙwallo biyu a ruwa a rami na 12 mai mizani 3, ya fita da 7. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Duk da haka dole a yi hattara da hujjar da 'yan wasa suka fi kafawa, wato cewa sun yi fice a ramuka tara na farko, suka duba kati, sai komai ya lalace. Akwai wata ƙa'idar ƙididdiga, komawa ga matsakaici, da ke bayyana mafi yawan wannan ba tare da an taɓo tunani ba. Wanda ya saba buga 45 a ramuka tara, yau ya buga 40, abin da ya fi yiwuwa a tara na biyu shi ne ya koma kusa da 45, ko ya duba kati ko bai duba ba. Kuma mutum bai cika ɗokin tara katinsa ba sai ranar da abubuwa ke tafiya daidai. Saboda haka duba kati da komawa baya na yawan zuwa tare, sai a ɗora wa katin laifin da ba nasa ba ne gaba ɗaya. Duk binciken da bai cire wannan kaso ba, zai zuzuta illar ƙidaya fiye da yadda take.

4.4 Sanin matsayi

A gasar Open ta 1994 a Turnberry da ke Sikotilan, Jesper Parnevik ɗan Suwidin ya bi shawarar ƙin duba allon sakamako sau da ƙafa. Ya iso rami na 18 yana kan gaba, amma a zatonsa sai ya sami ragi zai yi nasara. Ya nufi tutar da ke kan ramin kai tsaye, ƙwallo ta gaza ta faɗa ciyawa mai kauri, ya fita da ƙari. Nick Price, wanda ya zura wata doguwar ƙwallo a rami na 17, ya ɗauki kofin da tazarar bugu ɗaya. Da Parnevik ya nufi tsakiyar dandamali ya karɓi mizani, da aƙalla an je wasan raba gardama. Hankalinsa a tattare yake, amma a kan aikin da ba shi ne ke gabansa ba.

Jean van de Velde ɗan Faransa ya nuna ɗaya gefen a Carnoustie a 1999. Ya san cewa ko bugu 6 ya yi a ramin ƙarshe mai mizani 4 ya ci gasar. Duk da haka ya zaɓi sandunan nisa, bugunsa na biyu ya daki dandalin 'yan kallo ya dawo cikin ciyawa, na uku ya faɗa rafin Barry Burn, ya ƙare da 7, Paul Lawrie ya cinye wasan raba gardama. Sanin adadi bai amfane shi ba domin bai shigar da shi cikin zaɓin sanda ba. A kwatanta da Tiger Woods a rami na 12 na zagayen ƙarshe na Masters ta 2019. Huɗu daga cikin 'yan wasa shida na ƙarshe sun jefa ƙwallo a ruwa, ciki har da Francesco Molinari da ke jagoranci. Woods ya kauce wa tuta, ya sauke ƙwallonsa a faffaɗan ɓangaren dandamali, ya karɓi mizani, daga bisani ya ci gasar. Shi ne kuma ɗan wasan da ya lashe manyan gasanni 14 a jere cikin waɗanda ya shiga zagayen ƙarshe yana gaba ko yana kunnen doki a gaba, kafin Y.E. Yang ya karya wannan tarihi a 2009. Da jagoranci da sanin jagoranci na rusa hankali a kan kowa, da wannan tarihi bai yiwu ba.

Aikin Swann da abokansa (2016) ya ba wannan bayani gindin zama. Sun tattauna da ƙwararrun 'yan wasa goma jim kaɗan bayan sun yi fice a gasa, suka gano yanayin tunani iri biyu. A ɗaya, wasa na zuwa da kansa, burin ɗan wasa a buɗe yake, bai ɗaure kansa da wani adadi ba. A ɗayan, ɗan wasa ya san ainihin abin da ake buƙata, ya ƙudurta, ya tilasta wa kansa ƙarin natsuwa, kuma wannan ya fi faruwa a ƙarshen gasa. Dukansu biyu sun kai ga nasara. Wannan ne ya sa umarni ɗaya tilo, a duba ko kada a duba, ba zai dace da rami na 5 da rami na 72, wato na ƙarshe a gasa mai zagaye huɗu, a lokaci guda ba. A wasan rami-rami, inda ake karawa a kan cin kowane rami daban, batun ma bai taso ba, domin doka ta 3.2d ta wajabta wa ɗan wasa faɗa wa abokin karawarsa adadin bugunsa idan ya tambaya, kuma dabarar kowane bugu ta dogara da abin da ɗayan ya yi.

4.5 Tsarin ƙidaya

Nauyin da ƙidaya ke ɗora wa zuciya ya danganta da irin tsarinta. A tsarin Stableford, wanda Dokta Frank Stableford ya ƙirƙira aka fara gasa da shi a kulob ɗin Wallasey na Ingila a 1932, maki ake bayarwa: 2 ga mizani, 3 ga ragi, 1 ga ƙari, sifili ga abin da ya wuce haka. Rami ɗaya da ya lalace ba ya bin mutum har ƙarshen zagaye. Tsarin rangwame na duniya da aka fara a 2020, wanda ake auna ƙwarewar ɗan wasa da shi, shi ma ya sa iyaka ga adadin da rami ɗaya zai ɗauka, yana kuma lissafi da zagaye 8 mafi kyau cikin 20 na baya-bayan nan. Wani nau'in ƙidaya kuma shi ne ƙirga abin da aka yi daidai. Johnston-O'Connor da Kirschenbaum (1986) sun tarar cewa masu koyon golf sun amfana da lura da abubuwan da suka yi da kyau. Ga mai koyo, kati mai ɗauke da irin wannan bayani ya fi kati mai jimla amfani.

5.0 Matsayar Takarda da Shawarwari

Kowane bugu a golf na da matakai biyu: yanke shawara a bayan ƙwallo, da aiwatarwa a kanta. Matsayar wannan takarda ita ce ƙidaya bayani ce da ke da gurbi a mataki na farko, daidai da nisa da iska da kwanciyar ƙwallo, kuma ba ta da gurbi a na biyu. Abin da ya kamata a koya wa ɗan wasa shi ne hanyar rufe ƙofa tsakanin matakan biyu, kuma akwai hujjar cewa ana iya koyar da ita. Vine da Moore da Wilson (2011) sun horar da gogaggun 'yan wasa su kafa ido a bayan ƙwallo na daƙiƙa biyu zuwa uku kafin bugun zurawa, su kuma bar idon a wurin bayan ƙwallo ta tafi. Waɗanda aka horar sun rage kusan bugun zurawa biyu a kowane zagayen gasa. Ido da aka ba aiki takamaimai ba ya barin wa lissafi wuri. Irin wannan horo a filin atisaye ake yin sa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A aikace, mai koyo ya bar wa abokin zagaye ko mai ɗaukar masa jaka ƙidaya, ko ya yi wasa da tsarin Stableford. Ɗan wasan kulob ya rubuta adadin kowane rami da zarar ya bar dandamali, ya sa katin a aljihu, ya bar tarawa yadda doka ta bar ta. Mai fafatawa a gasa kuwa ya ƙayyade tun kafin fita ramukan da zai duba allo a kansu, musamman na ƙarshe, ya yi hakan kafin ya zaɓi sanda.

Matsayar na buƙatar gwaji kai tsaye, kuma gwajin ba mai tsada ba ne. A raba 'yan wasa masu rangwame kusan ɗaya gida uku ta hanyar ƙuri'a: masu rubuta adadi ba tare da tarawa ba, masu tarawa bayan kowane rami, da waɗanda wani ke rubuta musu ba su gani. Kowane ɗan wasa ya zagaya dukkan yanayin uku sau da dama, a kuma kwatanta ramukan ƙarshe da matsakaicin ɗan wasan na asali domin a cire tasirin komawa ga matsakaici. Filayen golf na Kano da Kaduna da Jos da Abuja sun isa a gudanar da wannan aiki. Ana kira ga sassan nazarin wasanni da na ilimin halayyar ɗan'adam a jami'o'inmu da su haɗa hannu da kulob-kulob ɗin waɗannan garuruwa su ɗauki nauyinsa.